Ƙwaryar Maƙeri

A ƙauyukan Kapsiki, can bisa duwatsun Mandara a arewacin Kamaru, idan aka taru shan giya bayan gayya ko a wurin makoki, akwai mutum guda wanda bisa ga al'ada yakan zo da tasa ƙwaryar. Ba ya zama a tsakiyar taro. Yakan raɓe a gefe, a zuba masa cikin abin da ya kawo, ya sha, ya yi godiya. Ƙwaryar da take zagayawa daga hannu zuwa hannu ba ta isa bakinsa. Ba kuturu ba ne, ba baƙo ba, bai kuwa yi wa kowa laifi ba. Maƙeri ne, ɗan maƙeri, jikan maƙeri. Kapsiki suna ce da irinsa rerhe, sauran jama'a kuwa melu. Maƙwabtansu Mafa na kewayen Mokolo su ma haka suka rabu, ngwazla a gefe guda, vavay a ɗaya gefen.

Mutane da yawa, har da masu ilimi, suna cewa ba sai an damu da wannan ba. Wai hanya ta buɗe, motoci suna hawan dutse, samari suna gangarowa Garwa da Marwa neman kuɗi, kayan ƙasar Sin sun cika kasuwa, kuɗi kuwa ba ya tambayar sunan kakan mutum. A bar kasuwa ta yi aikinta, in ji su, raini zai narke da kansa kamar man shanu a rana. Ko gaskiya ne? Ko ciniki yana iya wanke abin da haihuwa ta shafa wa mutum?

Kafin a amsa, ya kamata a san ko wane ne wannan da aka keɓe. Shi ne mai ƙera fartanya da lauje da gatari, waɗanda in ba su ba wanda zai ci dawa a kan dutsen. Matarsa ita ce mai gina tukunya da tulu da randa. Shi ne mai magani, shi ne makaɗi, shi ne mai duba. Kapsiki sun shahara da duba da ƙaguwa, wadda akan saka cikin tukunya mai yashi da ruwa a karanta abin da ta ture. Amma babban aikinsa gawa ne. Sa'ad da mutum ya mutu, maƙeri ne yake shirya shi, ya naɗe shi, ya ɗauke shi a kafaɗa ya yi rawa da shi a gaban dangi, sa'an nan ya kai shi kabari. Saboda wannan, da kuma cin naman da sauran jama'a suke ƙyama, ake ganinsa mai ƙazanta. Ba a cin tuwo da shi cikin akushi ɗaya, ba a auren 'yarsa, ba a kuwa ba shi 'ya. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Walter van Beek, wanda ya daɗe yana zama cikin Kapsiki tun farkon shekarun 1970, ya ƙiyasta maƙera kamar mutum 5 cikin 100 na jama'ar.

Ba dukan kabilun duwatsun ne suke yin haka ba, akwai inda maƙeri yake aure kamar kowa. Har a inda aka keɓe shi ma, ba lalle ne ya zama matsiyaci ba. Akan biya shi da hatsi da nama da akuya, wani lokaci ma ya fi manomi riƙe kuɗi. Ana raina shi, ana tsoronsa, ana kuma bukatarsa. Waɗannan uku a ɗaure suke kamar igiya mai riɓi uku. Wanda ya hana shi ƙwarya da rana, shi ne zai ƙwanƙwasa ƙofarsa da tsakar dare ran da mahaifiyarsa ta cika.

Bahaushe mai karanta wannan kada ya yi saurin girgiza kai. Gaskiya ne a ƙasar Hausa maƙeri yana da daraja, Sarkin Maƙera ma yana zuwa fada. Amma a tambayi mahauci, ko maroƙi, ko wanda aka san kakansa bawa ne, yadda takan kasance ran da ya je neman aure a gidan da yake ji da asali.

To, me kasuwar duniya ta yi wa maƙeri? Ta iso wurinsa tun kafin a san sunanta. A dā, bayan ruwan sama, akan tara baƙin yashi mai nauyi daga ƙoramu, wato tama. Maƙerin Mafa yakan gina doguwar matoya ta yumɓu, ya cika ta da gawayi, a yini ana zuga har ƙarfe ya fito. Asirin a hannunsa yake, ba mai iya kauce masa. Da motoci suka shigo a zamanin Turawa, sai ga tsohon sifirin da gangar mai da tarkacen ƙarfe a kasuwa, ga araha, ga sauƙin aiki. Wajen shekara ta 1960 wutar narka tama ta mutu a kusan dukan duwatsun. A 1986 wani masanin kayan tarihi, Nicholas David, ya roƙi wani tsohon maƙerin Mafa mai suna Dokwaza ya sāke hura ta a kusa da Mokolo domin a ɗauki fim. Tsohon ya yi, ƙarfe kuwa ya fito. Amma sana'ar da ta riƙe dutsen ɗaruruwan shekaru ta riga ta zama abin kallo.

Matarsa ta bi baya. Jarka ta kori tulu daga bakin rijiya, gama ba ta fashewa, ba ta da nauyi. Tukunyar alminiyam da kwanon roba suka shiga madafi. Abin da ya rage wa maginiya shi ne manyan tukwanen giya, da randar sanyaya ruwa, da 'yan tukwanen tsafi. Waɗansu maƙeran Kapsiki masu zubin tagulla sun sami wata ƙofa, suka riƙa sayar wa Turawa masu yawon buɗe ido a Rumsiki. A watan Fabrairu na 2013 'yan Boko Haram suka sace wani iyalin Faransawa mutum 7 a wajen Waza, a watan Nuwamba kuma suka sace wani limamin Katolika Bafaranshe. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Ƙofar da duniya ta buɗe, duniya ce ta rufe ta, ba wanda ya shawarci mai zubin tagulla.

Labarin auduga ya fi wannan girma, gama ya shafi maƙeri da manomi baki ɗaya. Gonakin dutse sun yi wa jama'a kaɗan. Tun shekarun 1970 gwamnati ta shiga kwaso mutanen arewa mai nisa zuwa filayen Binuwai. An kafa kamfanin SODECOTON a 1974, hedkwatarsa tana Garwa, aka gama dam ɗin Lagdo a 1982. Mafa da Tupuri da Giziga da Mundang suka sauko da iyalansu, suka sare daji a kudu da Garwa, a wajen Ngong, har akwai ƙauyen da ake kira Mafa Kilda. A can kowa manomin auduga ne. Ana karɓar taki da maganin ƙwari bashi, a cire ran awo. Ƙasar kuwa tana ƙarƙashin lamido, baƙo yakan ba da zakka daga amfanin gonarsa ko da shi ba Musulmi ba ne. Farashin abin da ya noma a New York ake yanke shi, garin da bai taɓa gani ba. A 1993 aka rage albashin ma'aikatan Kamaru har sau biyu, ciniki ya mutu a birane. Ran 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa, wanda yake sefa 50, ya koma 100. Kuɗin auduga ya ɗan tashi, amma taki da magani da duk abin da ake shigowa da shi suka tashi tare. Daga baya tallafin da Amurka take ba manomanta ya danne farashi, har Benin da Burkina Faso da Cadi da Mali suka kai kuka taron ciniki na duniya a Kankun a 2003. Bayan 2005 audugar da Kamaru take nomawa ta ragu da fiye da rabi cikin 'yan shekaru, kafin ta sāke farfaɗowa. Lalle kasuwa ta daidaita ngwazla da vavay a filin Binuwai, amma a cikin littafin bashi ta daidaita su.

Duk da haka, masu yabon kasuwa suna da tasu gaskiyar, bai kamata a ɓoye ta ba. Ɗan maƙeri da ya sauko Garwa da hannu mai sanin ƙarfe yana iya zama mai walda ko bakanike, ya ƙera ƙofa da amalanke da bakin garmar shanu. Mai saye inganci yake dubawa da farashi. A gidan abinci na bakin tasha, kwanon da aka ba wani shi za a ɗauraye a ba shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya tashi yana ɗauke da ƙwaryarsa. Sai dai a duba sharaɗin da yake ciki. Ana karɓarsa muddin ba a san shi ba. 'Yancinsa na yin shiru ne: kada ya faɗi gidansu, kada ya yi murna in ya hangi ɗan ƙauyensu a kasuwa, kada ya kawo tsohonsa birni. Mutumin da sai ya binne sunan ubansa kafin a ba shi ruwa a moɗa ɗaya da kowa, ba a daina raina shi ba, ɓacewa kawai ya yi wa masu rainin. Ga wanda ya rage a kan dutse kuwa abin ya fi muni. Daga cikin riɓi ukun nan, kasuwa ta tsinke bukata, makaranta da asibiti sun rage tsoro, raini kaɗai ya saura.

Akwai ƙasar da ta daɗe tana gwada wannan tambaya, da jama'a mai yawan gaske, wato Indiya. Ba daidai take da Mandara ba. A can rabon mutane bisa ga haihuwa yana da littattafai da malamai a bayansa, an kuma zubar da jini mai yawa a kansa. Amma tushen ƙyamar ya yi kama: waɗanda aka ce kada a taɓa su, su ne masu feɗe mushe, masu jima, masu share bayan gida, masu ƙona gawa. Ƙidayar 2011 ta nuna sun wuce mutum miliyan 200. Jagoransu Bhimrao Ambedkar, wanda aka haifa a 1891, yana yaro a makaranta sai ya zauna a gefe bisa buhun da ya kawo daga gida, ruwa kuma sai masinja ya tsiyayo masa daga sama don kada ya taɓa moɗa. Ya yi karatu a Amurka da Ingila, ya komo da digiri iri iri, aka ci gaba da ƙyamarsa. Shi ya sa bai yarda cewa ilimi ko dukiya kaɗai za su yi maganin abin ba. A watan Maris na 1927 ya ja dubban mutane zuwa wani tafkin jama'a a garin Mahad, suka sha ruwa a fili kowa yana gani. Manyan gari suka yi wa tafkin tsarki bayan sun tafi. A 1950 tsarin mulkin da ya jagoranci rubutawa ya soma aiki, sashe na 17 ya haramta ƙyamar taɓa mutum, aka kuma keɓe musu gurabe a makarantu da aikin gwamnati. Gandi ya raɗa musu suna mai daɗi, wato mutanen Allah, amma da yawansu suka ƙi shi, suka zaɓi Dalit, ma'ana waɗanda aka farfasa. Sun gwammace sunan da yake faɗin abin da aka yi musu.

A 1991 Indiya ta buɗe kasuwarta ga duniya. Waɗansu Dalit suka kafa masana'antu, har suka yi ƙungiyar 'yan kasuwarsu a 2005. Amma guraben da doka ta keɓe na gwamnati ne, ba su hau kan kamfanonin 'yan kasuwa ba, saboda haka duk ma'aikatar da aka sayar, tsani guda ne aka janye. Shekara 25 bayan buɗe kasuwar, a watan Yuli na 2016, a garin Una na jihar Gujarat, wadda ake yabo saboda arzikin masana'antu, aka ɗaure samari Dalit 4 a jikin mota aka yi musu bulala a bainar jama'a domin an same su suna feɗe mushen saniya, aikin da suka gada. Amsar da 'yan'uwansu suka bayar abin tunani ce. Suka ce sun daina kwashe mushe. Waɗansu suka ɗebo matattun shanu suka zube a ƙofar ofisoshin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki wari ya koya wa garuruwa abin da wa'azi bai koya musu ba.

A nan ne maƙerin Mandara ya fi ɗan'uwansa na Gujarat rauni. Mai feɗe mushe yana da abin da zai ƙi yi. Maƙerin da aka daina sayen fartanyarsa, aka daina ɗaukar tulun matarsa, me zai janye har a ji zafi? Kuma mutum 5 cikin 100, a warwatse gida biyu ko uku a kowace unguwa, ba su isa su cika fili ba, balle akwatin zaɓe.

Ba wai mutanen duwatsu ba su san tsayayya ba. Sun sani ƙwarai, gama su kansu an daɗe ana raina su. Tun da Modibbo Adama ya karɓo tutar jihadi a farkon ƙarni na 19, lamidai suka mallaki filaye, duwatsu suka zama wurin farautar bayi. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya bar littafin ayyukansa na 1912 zuwa 1927, inda aka lissafta hare-hare da yawan mutanen da aka kamo kamar yadda ake lissafta awaki. Fulani suka kira su Haɓe, sunan nan da suka taɓa kiran Hausawa da shi. Turawa suka ɗauki kalmar Kirdi, wato arna, suka rubuta ta a takardun mulki. A zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa, wanda ya yi mulki daga 1960 zuwa 1982, sanannen abu ne cewa ɗan dutse mai neman muƙami a arewa yakan ga hanya ta fi sauƙi idan ya sāke suna da riga. Da aka buɗe ƙofar jam'iyyu a ƙarshen 1990, sai 'ya'yansu masu ilimi suka yi abin da Dalit suka yi, suka ɗauki sunan zagi suka ɗaura shi a ka kamar rawani. Jean-Baptiste Baskouda ya fitar da littafi a 1993 wanda sunansa yake nufin cewa Kirdi ne sunansa. A zaɓen 1992 jam'iyyar MDR ta Dakole Daissala, Batupuri wanda ya sha shekaru a kurkuku, ta sami kujeru 6 a majalisa, kujerun da gwamnati ta bukata domin ta sami rinjaye. Wannan aiki ne mai kyau, ya ɗaga kan mutane da yawa.

Amma laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani. Wanda ya tsaya a taro a Garwa yana kukan cewa an mai da kakansa bawa, an hana shi zama a tabarma ɗaya da masu sarauta, shi ne yakan koma ƙauye da hutu ya zuba wa maƙeri giya a wata ƙwarya dabam, bai kuwa ga wani abin mamaki a ciki ba. In an tambaye shi sai ya ce al'ada ce, maƙerin ma ba ya so a canza. Haka lamido zai ce game da bayinsa. Hujjar da mutum ya ƙi karɓa daga bakin wanda yake bisansa, ba shi da ikon miƙa ta ga wanda yake ƙarƙashinsa.

Ikkilisiya ma tana da nata kason a wannan shari'a. Masu bi sukan binne matattunsu da hannunsu, haka kuma Musulmi. Wannan ya nuna a fili cewa taɓa gawa ba ya ƙazantar da kowa, gama dattawan ikkilisiya suna yi, su wanke hannu su ci tuwo. Amma ya kuma ƙwace wa maƙeri aikinsa na ƙarshe, wanda kasuwa ba ta iya taɓawa ba. Wanda ya karɓe wa mutum abincinsa da sunan cewa duka ɗaya ake, bashi ya hau kansa. An sami waɗanda suka gane haka. Simon Mpeke, limamin Katolika daga kudancin Kamaru, ya hau arewa a 1959, ya zauna a Tokombere yana yawo ba takalmi cikin mutanen da ake kira arna, har suka raɗa masa Baba Simon, ya rasu a 1975. Sai dai baftisma ba ta hana tsohon hali bin mutum. A garin Tiruchirappalli na kudancin Indiya, Kirista sun gina katanga a tsakiyar makabartarsu domin kada gawar Dalit ta kwanta kusa da ta sauran. Tsayawa a layi ɗaya ran cin Jibi abu ne mai sauƙi, gama minti kaɗan ne, kowa ya koma gidansa. Inda ake gane gaskiyar magana shi ne wurin aure.

A ɗauki misali irin wanda kowane mai aikin ikkilisiya a Garwa zai gane. Ga saurayi mai walda, yana cikin ƙungiyar mawaƙa, ba ya sha, yana da ɗaki biyu da babur. Ya ga 'yar wani dattijon ikkilisiya, ɗan kabilarsu, ita ma ta gan shi. Ya aika manya. Dattijon ya ce, “Madalla, ɗana, bari a yi shawara da 'yan'uwa.” Kashegari ya ba ƙanensa kuɗin mota zuwa Mokolo, ya hau dutse ya tambayo gidan su wane ne. Bayan kwana uku ƙanen ya komo da kalma ɗaya.

Kada a yi saurin cewa dattijon munafuki ne. Abin da yake aunawa yana da nauyi. In ya yarda, jikokinsa za a lissafta su cikin maƙera har abada. Yayyensa na ƙauye ba za su ƙara sa hannu a akushin 'yarsa ba. Yana da waɗansu 'ya'ya mata biyu a gida, masu neman su kuma za su aika a tambayo. Shi kansa yana so in ya mutu a kai shi gida a kwantar da shi kusa da ubansa. Ba wani farashin auduga da zai ɗauke masa wannan, ko ya tashi ko ya faɗi. Babur ɗin saurayin da ɗakunansa biyu, waɗanda kasuwa ta ba shi, sun isa su kai shi ƙofar gidan, ba su isa su shigar da shi ba. Abin da ya rage sai mutum guda ya yarda ya yi hasara ta ainihi, a gaban danginsa, saboda wanda ba shi da abin da zai tilasta masa da shi.

Dattijon ya san wannan duka, gama shi ne yake karanta wa jama'a Littafi ran Lahadi idan fasto ya yi tafiya. Ya kira matarsa da dare, suka daɗe suna magana ƙasa ƙasa. Da manyan saurayin suka komo jin amsa, aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali. Yarinyar ta fito da ruwa a moɗa ɗaya, ta durƙusa, ta rasa wanda za ta fara miƙa wa, ta dubi ubanta.